Kyautar da Baba Ya Yi wa Mai Renon Karkanda

Ranar da kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, ya ce in haɗa kaya zan bi su Kenya kallon namun daji, hutuna ne ya fara faɗo mini a rai. Shekara ta uku ke nan ina tuƙi a gidansa a unguwar Mu'aither a Qatar, ban leƙa gida ko sau ɗaya ba. Na bar matata da ciki a Funtuwa, ta haihu korona na tsaka da rufe duniya, yarinyar ta yi rarrafe, ta yi tafiya, har ta fara kirana Abba a waya, ni kuwa ban taɓa jin nauyinta a hannuna ba. An yi ta ɗaga mini hutun, yau cuta, gobe hidima, har aka tsayar da magana a kan sai an gama gasar kofin duniya. Shi ya sa na cire kunya na tambaye shi ko tafiyar nan za ta taɓa hutun. Ya ce kwana kaɗan ne za mu yi, da mun dawo an buga wasan ƙarshe sai in wuce gida.

Ba don kyawuna za a tafi da ni ba, saboda Baba ne, mahaifin maigidan. Tsoho ne da ya haura tamanin, mai faɗa, mai kyauta, ba ya jin maganar kowa. Lokacin da korona ta kama shi kowa ya ja baya, aka killace shi a ɗakin baƙi na waje, ni ne nake kai masa abinci, in ɗaga shi, in kwantar da shi. Ba jarunta ba ce, ɗakina ne ke manne da nasa, kuma tarinsa ba ya barina in yi kamar ban ji ba. Ya tashi daga ciwon huhunsa ya raunana, ƙafafunsa ma suka ƙi, sai keken guragu. Tun daga nan ba ya yarda kowa ya tura keken sai ni, ni ke kai shi masallaci, kuma ɗana yake ce mini.

Da gasar ta zo aka rufe makarantu da wuri, aka toshe hanyoyi, garin ya cika da ganguna da tutoci. Uwargida ta ce ba za ta iya ba, a fita da yara a sha iska.

Na ba 'yan uwanmu 'yan Najeriya labari ranar Juma'a a wani ɗan gidan abinci a Muntazah inda muke haɗuwa. Yawancinsu gadi suke yi a filin wasa na Thumama, sun ƙone da tsayuwa a rana. Suka yi mini ca. Wani ya ce an biya kuɗin jirgi an ɗauko ni daga Afirka, yanzu kuma za a biya a mayar da ni Afirka in kalli jaki mai zane. Wani ya ce in na ga zaki in gaishe shi da Larabci, tunda yanzu na zama ɗan gida. Ita ma uwargida cewa ta yi hankalinta ya kwanta tunda da ni za a je, ai na saba da zakuna. Na rasa ta inda zan fara yi mata bayani. Ni duk naman dajin da na taɓa gani a rayuwata kurar gardawa ce da takunkumi a bakinta, sai biri mai wando ranar kasuwa.

Ana gobe tafiya Baba ya kira ni ɗakinsa bayan La'asar. Ya miƙo mini ƙunshi: turaren wuta, garin gahawa, dabino, da wani abu mai tsawo naɗe cikin mayafi. Ya ce in sa a jakata, kada ɗansa ya gani, surutu gare shi. Na san abin. Wuƙarsa ce ta ado, mai lanƙwasa, kubenta na azurfa, wadda yake ɗaurawa ranar Sallah da ranar biki. Ƙotarta launin zuma, ta yi santsi saboda riƙo. Ya sha gaya mini gadon mahaifinsa ce, daga Yaman ya sayo ta. Na ce masa Baba, wuƙa a jirgi? Ya ce ai a ƙarƙashin jirgi kaya ke tafiya, kuma mutumin kirki ba ya zuwa ƙasar mutane hannu rabbana, bai san wanda zai karrama shi ba. Na sa ta a tsakiyar kayana. Babu wanda ya buɗe jakar, a nan ko a can.

Masaukinmu a cikin wani gandun daji ne mai shinge. Damina ce a can, ko'ina kore shar. Aka raba mu mota biyu marasa gilashi, maigida da iyalinsa a gaba, ni da Baba a baya, domin ni ne tafintansa. Turancina na makarantar sakandare ne, Larabcina kuma na bakin titi, amma muna fahimtar juna. Wannan ne karo na farko tun zuwana ƙasar Larabawa da na zauna a bayan mota wani yana tuƙa ni, har ƙafata tana neman birki da kanta.

Ba mu yi nisa ba giwa ta fito daga cikin itatuwa ta tsaya a kan hanya. Na yi salati da ƙarfi, na riƙe keken Baba da ke naɗe a gefena kamar zai cece ni. Hoto bai taɓa gaya mini girmanta ba. Direban ya kashe mota yana dariya, ita kuma ta dube mu ta wuce abinta, 'ya'yanta na biye. Daga nan sai raƙuman dawa, da jakunan dawan da aka yi mini tsiya da su, da ɓauna garke guda. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai barewa ce. Ga su nan birjik a gefen hanya suna kiwo, ko ɗaga kai ba sa yi. A garinmu zomo ɗaya ya gilma sai unguwa ta watse da sanduna da karnuka. Nan kuwa nama ne yake yawo da ƙafarsa, mutane sun biya kuɗi su kalle shi su koma su ci burodi. Na faɗa wa Baba haka, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Sai kashegari muka ga karkanda. Ban san sunanta da Larabci ba sai ranar, da Hausa ma a littafin firamare kawai na san ta. Jibgegiya ce, fata kamar busasshen laka, ƙaho biyu a kan hanci, tana cin ciyawa ba ruwanta. A can gefe mutum biyu ne tsaye da bindigogi. Na ɗauka mu suke gadi, sai direban ya ce a'a, ita suke gadi, dare da rana, duk inda ta sa ƙafa. Na ce dabba da 'yan rakiya kamar gwamna? Ya ce saboda ƙahon ne, ɓarayi ke shigowa su kashe ta su sare shi su sayar a ƙasashen waje, sun kusa ƙarar da irinta. Ya ce duk wanda aka kama da ko ɓallin ƙahon, gashinsa zai yi furfura a kurkuku. Na fassara wa Baba rabin maganar, domin hankalinsa na kan dabbar, yana ta tasbihi yana cewa mai daraja ce, mai daraja ce.

Da yamma aka kai mu wani garke inda ake renon marayu. Mai kula da wurin dattijo ne, siriri, yana ɗingishi. Ya nuna mana wani ɗan karkanda da bai fi ɗan maraƙi ba, yana bin sa kamar jela. Ya ce kusa da gawar uwar aka tsince shi, yana ta tura ta da kai ta tashi. Ya ɗauko ƙoƙon kan uwar daga wata rumfa ya ajiye a gabanmu. Wajen hancin babu komai sai sarar gatari, an sassare ƙashin kamar icen girki. Ya ce a daren ne shi ma aka harbe shi a ƙafa, abokin aikinsa kuma bai tashi ba. Tun daga nan a garken yake kwana, domin marayan ba ya barci in babu mutum kusa.

Ya dubi Baba, ya ɗauko wata ƙatuwar kwalbar madara ya sa masa a hannu, ya tura keken da kansa har bakin shinge. Ba a yi wa baƙi haka, direban ya raɗa mini. Marayan ya zo ya kama kwalbar yana zuƙa yana wani ɗan kuka kamar na jariri. Baba ya shafa kansa, hawaye na zuba a gemunsa. Duk wahalar korona ban ga hawayen tsohon nan ba sai ranar. A hanyar komawa ya ce mini mutumin nan ya karrama shi, ba zai bar ƙasar nan bai rama ba.

Da safen da za mu tafi, an loda kaya, Baba ya kafe sai an biya ta garken ya yi sallama. Maigida ya yi ta yalla yalla, a yi sauri, jirgi ba ya jira, amma wa zai juya Baba. Muka tsaya. Dattijon ya fito, da masu bindiga biyu da suka sauka daga aiki, da direbobinmu. Baba ya ce in ɗauko ƙunshin. Na sauke jakata a gaban kowa, na zuge, na tono mayafin daga cikin riguna na miƙa masa. Ya warware, ya sumbaci wuƙar, ya ɗora ta a tafin hannayensa biyu ya miƙa wa dattijon, ya ce in fassara.

"Ka ce masa wuƙar ubana ce." Na faɗa, ina murmushi. "Ka ce masa ba ni da abin da ya fi ta daraja, kuma shi ya cancance ta." Na faɗa. "Ka ce masa ƙotarta ƙahon dabbar nan tasa ce, na asali, ba irin jabun da ake yi yanzu ba."

Wannan kam ban fassara ba. Na dubi ƙotar nan mai launin zuma da na sha gogewa da tsumma ranar Sallah, na dubi rumfar da ƙoƙon kan yake. Ba a ma buƙaci fassarata ba. Dattijon ya riga ya karɓa, ya juya ƙotar a rana, ya shafa ta da babban yatsa. Ya sunkuya ya ajiye ta a ƙasa a hankali, ya ja baya. Ɗaya daga cikin masu bindigar ya ɗaga rediyonsa ya yi magana. Baba kuwa sai fara'a yake yi, ya taɓa ni ya ce in duba, murna ta hana bawan Allah magana.

Aka kai mu ofishin gandun, aka jira jami'an hukuma suka zo daga gari. Uwargida da yara aka mayar da su masauki. Babban jami'in mutum ne mai sanyin murya, bai ɗaga wa kowa harshe ba, tambaya ɗaya ya yi: daga jakar wa abin ya fito? Mutum biyar sun gani da idonsu. Ya karɓi fasfona, ya ga kore ne na Najeriya, ya gyaɗa kai kamar wanda ya sami abin da yake nema. Aka sa ni a benci ni kaɗai, mai bindiga a bakin ƙofa.

Maigida ya nemi izini ya zo ya zauna kusa da ni. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya yi ƙasa da murya, ya yi mini Larabci.

"Ka ce taka ce. Ka san huhun Baba, kwana ɗaya a kulle zai mutu. Zan ɗauki lauya, zan fitar da kai, iyalinka kuma suna wuyana."

Na tambaye shi zuwa yaushe. Ya ce in sha Allahu ba daɗewa. Na san wannan in sha Allahun, da ita aka yi ta ɗaga mini hutu. Abin haushin shi ne ba ƙarya ya yi a kan Baba ba, ni na fi kowa sanin yadda numfashinsa ke yi da asuba. Na leƙa ta taga na ga tsohon a kekensa a baranda yana jan carbi, bai san me ake ciki ba. Na tuna 'yata, na yi lissafin shekarun da za ta kai kafin in fito, na ga budurwa. Na ce masa ba zan iya ba. Na ce ba zan ambaci sunan kowa ba, amma ba zan ce tawa ce ba.

Haka na yi. Jami'in ya tambaya, na ce jakar tawa ce, wuƙar ba tawa ba ce. Ya ce to ta wa ce, na ƙi faɗa. Ya ce a shigo da tsohon. Da Baba ya gan ni a bencin ya ga mai bindiga, sai fuskarsa ta canza, ya tambaye ni me ya faru. Na gaya masa a taƙaice, cewa laifi ne babba a ƙasar nan, kuma ni za a kulle. Ya buga sandarsa a ƙasa, ya daki ƙirjinsa, ya ce tasa ce, ta ubansa ce, shi ya ba ni ajiya, duk mai magana ya zo ya yi da shi. Na juya na fassara da sauri, har ina haɗa kalmomi. Jami'in ya ɗaga hannu ya ce wanda ake tuhuma ba ya yi wa kansa tafinta. Ya juya wajen maigida, wanda Turanci a bakinsa kamar ruwa, ya ce masa ya faɗi abin da mahaifinsa ya ce.

Maigida ya dube ni, ya dubi ubansa, ya dubi ƙasa. Mutumin nan na kai 'ya'yansa makaranta, na kwana a asibiti da mahaifinsa, ya sha cewa ni ɗan gida ne a gaban baƙi. Ya ce wa jami'in tsufa ne, tun da ya yi rashin lafiya ba ya sanin abin da yake faɗa.

Ban ji giwa ta ba ni tsoro kamar wannan maganar ba. Kunnuwana suka yi ɗum.

Dattijon mai renon marayu ne ya yi magana daga bakin ƙofa, ban ma san yana wurin ba. Ya ce shi ba ya jin Larabci, amma yana da ido. Ya ga wanda ya sumbaci wuƙar, ya ga wanda ya miƙa ta da alfahari, ya kuma ga fuskata lokacin da na gane abin da na ɗauko. Ya ce ƙotar ta girmi duk wanda ke ɗakin in ban da tsohon. Ya ce in ana so a kira wani limami a garin da ya yi karatu a ƙasar Larabawa, ya zo ya fassara. Da maigida ya ji haka sai ya sauke numfashi, ya ce ba sai an kira kowa ba, wuƙar ta mahaifinsa ce.

Sauran aikin waya ne da manyan mutane, ni ban san yadda aka yi ba. Jirginmu ya tafi ya bar mu. An ƙwace wuƙar, an ci tara, an duba shekarun Baba da lafiyarsa aka bar shi, aka miƙo mini fasfona. Da za mu fita Baba ya miƙa wa dattijon hannu. Dattijon ya dubi hannun, ya ɗan sunkuyar da kai don girmamawa, ya juya ya tafi yana ɗingishi. A jirgi Baba ya yi ta tambayata me ya sa mutumin ya ƙi kyautarsa. Na gaya masa duk abin da na rage a fassara ranar da muka ga karkandar, da sarar gatarin, da abokin da aka kashe. Ya ce amma ai karkandar da aka yi ƙotar da ƙahonta ta mutu tun kafin a haifi mutumin. Daga baya ya ƙi cin abincin jirgi.

Muka dawo Doha gasar na gab da ƙarewa, gari ya haukace da oda da wasan wuta. Maigida bai sake haɗa ido da ni ba, saƙo yake turo mini a waya ko da muna tsakar gida ɗaya. Na ɗauka kunya ce, za ta wuce. 'Yan uwanmu a Muntazah suka tambaye ni labarin zaki, na ce musu na gani, yana gaishe su.

Bayan wasan ƙarshe ya kira ni. Yana tsaye a bakin mota, ya miƙo mini tikiti da haƙƙina cif, bai rage ko sisi ba.

"Khalas, shi ke nan, ka je ka ga 'yarka," ya ce. "Ba sai ka dawo ba."

Na ce in shiga in yi wa Baba sallama. Ya ce barci yake yi.

Na isa Funtuwa, na ɗauki 'yata. Ta fi yadda nake zato nauyi, ta ja mini gemu ta ce a waya na fi kyau. Ban gaya wa uwarta komai ba a ranakun farko, na bar ta tana ta lissafin ranar komawata da abin da za ta soya mini. Ran nan ina zaune a ƙofar gida yarinyar na kan cinyata, wayata ta yi ƙara, lambar Qatar. Muryar Baba ce, yana haki, yana faɗa. Ya ce an ce masa na je hutu, wane irin hutu ne ba ya ƙarewa, sun kawo masa wani da bai iya tura keke ba, jiya har ya kusa kifar da shi a ƙofar masallaci. Ya ce in gaya masa ranar da zan dawo ya sa a tarbe ni. Na riƙe wayar ina jin numfashinsa, yarinyar tana ƙoƙarin ƙwace ta. Na ce masa ya tambayi ɗansa, shi ya san ranar.